GUDUN MOTA DA ƘURI'AR MAI TAFIYA A ƘASA

Ya ku 'yan'uwa na rassanmu, tun daga Tawa har Tabalak da Abalak,

Kowa ya san hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit domin uraniyom. Don manyan motoci aka yi ta, amma ta ratsa garuruwanmu, inda mata ke kasa kaya a bakin hanya, yara suna tsallakawa. Direba ya fito daga daji a guje, ba ya ɗaga ƙafa sai ya hango jandarma.

Ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya: wanda mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a 50 har sau huɗu da rabi. Kilomita 15 ke tsakanin asibiti da kushewa.

To, me ya sa masu neman kujera ba su son maganar? Tsoro ne. Ku dubi Faransa. Ran 1 ga Yuli 2018 gwamnatin Edouard Philippe ta rage gudu daga 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara. Masu motoci suka fusata, fushin ya haɗu da na tsadar mai a zanga-zangar Nuwamba, a ƙarshen 2019 kuwa aka ba larduna izinin komawa 90. Mai mota yana da baki, wanda aka take ba shi da shi.

Mu ba mu yarda da wannan ba. Direba ɗan'uwanmu ne, 'ya'yansa ma suna tsallaka hanyar nan. Kuma a Adar masu tafiya a ƙasa sun fi masu mota yawa nesa ba kusa ba. Shirunsu ne ya sa ƙuri'arsu ta yi araha.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a yi zaɓe a Nijar ba. Ran da akwati ya dawo, kada ya iske mu muna barci. Kowane reshe ya rubuta wuraren da mota ke kashe mutane a garinsa. Duk wanda ya zo neman magajin gari ko dipite, a tambaye shi gaban jama'a ran kasuwa: za ka kafa allon 50 a mashigar gari, da tudun rage gudu gaban makaranta, a ci tarar mai laifi ko da ɗan jam'iyyarka ne? In ya yi kwana-kwana, a bar shi da buhun shinkafarsa.

A karanta wa waɗanda ba su karatu wannan takarda. Wassalam.