Kafin Ka Bari a Toshe Maka EGR, Tambayi Bakanike Abu Ɗaya

Idan motarka tsohuwa ce, musamman irin 'yan Kwatano, ba mamaki an taɓa faɗa maka wannan magana a gareji: “Oga, wannan abin na Turawa ne, saboda sanyin ƙasarsu aka sa shi. Mu toshe kawai.” Sai a yanko gwangwani ko ɗan faifan ƙarfe, a cusa tsakanin bawul da inji, a ɗaure noti, ka biya ka tafi. Da wannan maganar dai aka cire tamostat daga motoci bila adadin, da ita kuma ake fasa salansa a kwashe abin da ake kira indomi. To batun sanyi ba gaskiya ba ne. EGR ba ruwansa da sanyi, zafi aka yi shi ya rage, mu kuwa zafi ne ya yi mana yawa.

Ga aikinsa. Yana ɗebo kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone ya mayar cikin inji tare da sabuwar iska. Hayaƙin nan ba ya sake ci da wuta, don haka zafin ƙonuwa a kan fistin yana sauka. Idan zafin ya haura wajen digiri 1,400, naitirojin da iskar oksijin suna haɗuwa su zama gubar da ake kira NOx, mai ƙona huhu da tayar da asma. Tun farkon shekarun 1970 aka fara sa shi a motocin Amurka saboda haka. Kan wannan gubar ce asirin Volkswagen ya tonu a 2015, har kamfanin ya biya biliyoyin daloli.

Yanzu tambayar da za ka yi wa bakanike: a wane lokaci bawul ɗin ke buɗewa? A injin fetur mai lafiya a rufe yake lokacin da mota ke silo, a rufe yake in inji bai yi zafi ba, a rufe yake kuma idan ka taka totur har ƙasa. Sai a tafiya matsakaiciya yake buɗewa. To don Allah wane ƙarfi za a ƙara maka da toshe abin da dama a rufe yake sa'ad da kake neman ƙarfin? Wanda ya ce motarsa ta warware bayan toshewa ba ƙarya yake ba, amma bawul ɗinsa ne ya maƙale a buɗe saboda datti, shi ya sa take karkarwa tana mutuwa a silo. Wanki ma zai ba shi wannan sakamakon.

Abin da ba a gaya maka shi ne kwamfutar motar ba ta san an toshe ba. Tana ci gaba da saita lokacin tartsatsin fulogi kamar hayaƙin nan yana shigowa. Sai ka hau titin Zariya da rana tsaka a watan Afrilu, ka fara jin ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Idan motar na da sensan da ke jin wannan ƙarar, za ta ja lokacin baya don ta kare kanta, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Idan babu, fistin da ringi ne za su sha. Ga kuma wutar cek injin da za ta zauna a kunne da lambar P0401, har ka saba da ita, ranar da wata babbar matsala ta zo ba ka da labari.

Masu dizal suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. A tsohon injin dizal, kunkunniyar da EGR ke dawowa da ita tana gauraya da tururin baƙin mai, ta zama kamar kwalta ta cike hanyar iska. Duk wanda ya ga an buɗe irin wannan manifol ya san abin ba kyan gani. Toshewa tana tsayar da wannan, gaskiya ne, baƙin hayaƙi ma kan ragu. Sai dai dizal ne ya fi dogara da EGR wajen rage NOx, ita kuwa ba ta yin baƙi balle ka gani a madubi. Kai kana gaba, gilas a rufe. Mai shaƙa shi ne ɗan Adaidaita Sahu da ke bayanka a gosulo, da yarinyar da ke tallan ruwa daidai tsayin salansarka. Ka sauƙaƙa wa kanka wankin da ake yi jefi-jefi, su kuma kullum suna biya da ƙirjinsu.

Gyaran kuma ba wani tashin hankali ba ne. Ka sa a ɗora na'urar duba mota a karanta lamba tukuna: P0401 na nufin hayaƙin ba ya wucewa yadda ya kamata, P0402 ya yi yawa. A kwance bawul a wanke da abin fesa na wankin kafireto, a zurara waya a buɗe hanyoyin da suka toshe, a sa sabon gasket. A Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, sau da yawa ƙananan hanyoyin cikin manifol ne ke cikewa, bawul ɗin lafiyarsa lau. A Camry mai inji 2.2 kuwa, a duba siraran tiyo na iska da ɗan makunnin da ke sarrafa su kafin a ɗora wa bawul laifi. In ya mutu da gaske, a leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wani.

Wuri ɗaya na yarda da faifan ƙarfen nan: gwaji. A toshe na ɗan lokaci, in karkarwar ta tsaya an gano mai laifi, sai a zare shi a yi gyara. Ka tsaya a kai har ka ga an miƙo maka faifan a hannu, don in ka ba da baya a ciki zai kwana.