Mu bar kifi ya yi ƙwai

Ƴan'uwa manoma da masunta, kowane kifi daga ƙwai ya fara. Ƙwan yawancin kifaye bai wuce ƙwayar gero ba, kuma ba ya iya gudu. Ruwan da ya samu kansa a ciki shi ke raya shi ko ya kashe shi.

Masu bincike a bakin teku sun gano cewa zafin ruwa, da gishirinsa, da iskar da ke cikinsa, su ke sa ƙwai ya ƙyanƙyashe ko ya lalace. Haka abin yake a tabkin Madarunfa, da Gulbin Maraɗi mai bi ta Jiratawa da Tsibiri.

Idan sabon ruwa ya malala da damina, tarwaɗa tana shiga ciyawar bakin ruwa ta zuba ƙwai. Ƙwan yana manne wa ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Karfasa kuwa, namijin ke haƙa gurbi inda ruwa ba zurfi, macen ta riƙe ƙwan a bakinta.

Abu uku ke yi musu ɓarna. Na ɗaya, laka da rairayi: inda aka sare itatuwa, ruwan sama yana kwaso ƙasa ya binne ƙwai. Na biyu, maganin ƙwari, idan aka wanke famfon feshi a gulbi. Na uku, su da gidan sauro: yana kwashe ƴaƴan kifi, ya bar yara a hannun zazzaɓin cizon sauro.

A shekarar 2019 an sa tabkin Madarunfa cikin jerin ruwayen duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma takarda ba ta tsare ƙwai. Mu ke kusa da shi.

A ganinmu, ya kamata masunta su zauna da sarakunan ruwa da ma'aikatan gandun daji, su ware bakin ruwa inda ba a su a watan Yuli da Agusta. Wani zai ce: «Da me zan ci da iyalina?» Tambayarsa tana kan hanya. Shi ya sa ba mu ce a rufe tabki duka ba. Lokacin ma aikin gona ne. Tarwaɗa ɗaya mai ƙwai da aka bari tana zuba dubbai.

Kifi yana gina jikin yara da mata masu ciki. Mu wanke famfo nesa da ruwa. Mu dasa itatuwa a bakin gulbi. Gidan sauro kuma ya koma kan gado.