Kashi goma na wa?

Ƴan uwa, akwai wata magana da ke yawo cikin gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp da Facebook, kuma ni ban yarda da ita ba. Wai duk mai shafin da ya buɗe tarin gudummawa don marar lafiya, ya cire kashi 10 cikin 100 ladan wahalarshi. Hujjarsu ita ce yau ba mai taimako a banza, in ba a sa kuɗi ba kowa zai gaji ya watse.

To mu yi lissafi. A ce an tara jika 500 don aikin tiyatar wata baiwar Allah. Kashi goma jika 50 ke nan, alhali albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Ke nan da hoto guda da rubutu layi biyar mutum ya wuce wanda ya yi wata yana zufa. Kuɗin kuma na wa ne? Na ɗan kabu-kabun da ya tsaya a Nita ko Amana ya turo dala ɗari biyu, da niyyar a sayi magani.

Masu cewa sai da kuɗi ake motsi, ina suke a daminar 2024, lokacin da ruwa ya rushe gidaje a Maradi, tsohon masallacin Birni ya faɗi a Damagaram? Samarin fada ne sunka shiga ruwa suna fiddo tsofaffi da yara, mata sunka ɗora tukwane. Duk damina, in masassara ta ƙarar da jinin yaro aka yi cigiya cikin gurup, mutane na rufe shago su tai su ba da jini. Wa ya biya su? Ranar da aka sa ma jini farashi, mai ciwo zai ɓoye ciwonshi don ya samu na cefane.

Mun ga irin wannan a wani wuri. Iyayenmu da gayya suke nome gonar marar ƙarfi, ladan kawai fura da godiya. Da ayyukan ONG sunka yawaita da kuɗin zama, yau ka kira taro kan rijiyar garin, tambayar farko ita ce nawa za a ba da. Haka kamasho zai yi ma shafukanmu. Mai cin kashi goma dole ya nemi ciwon da zai fi tada hankali a hoto: a yaye ma yaro riga, a sa uwa kuka gaban waya. Tsoho mai hawan jini da ke buƙatar magani kowane wata, tunda ciwonshi bai ɗaukuwa a bidiyo, sai ya yi ta jira.

Wasu na kawo zancen zakka, cewa ai masu tattara ta na da rabo. Gaskiya ne. Amma wancan hukuma ke naɗa shi, kuma ana binciken abin da ya tara. Kai wa ya naɗa ka? Wa ke duba littafinka?

Ban ce mai sa kai ya ci bashi don taimako ba. Forfe kuɗi ne, esansi kuɗi ne, turawa ma ana cire wani abu. A maida mai abin da ya kashe, amma a fili: kiredi kaza, mai kaza, ga rasi. Banbancin maida kuɗin mai da cin kamasho ba ƙarami ba ne, na farko bai ƙaruwa don ciwon ya tsananta.

Ga abin da nike kira gare shi. Kowane tari ya zamana mutum uku ke riƙe da shi, ba ɗaya ba. A buga abin da ya shigo da abin da ya fita, har da takardar magani da rasin farmasi. Kar a nuna fuskar marar lafiya sai da yardarshi, ta yaro kuma a rufe. In an cika abin da ake nema a rufe tarin a ranar, rarar a gaya ma jama'a inda za ta.

Ku kuma masu bayarwa, kafin ku tura ku tambayi mai shafin: kana cire wani abu? In ya fusata da tambayar, ku riƙe kuɗinku ku kai ma marar lafiyar hannu da hannu.