Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa Kan Magunguna Biyu Na Farfaɗiya

Masu girma Kwamishinoni,

Na rubuto ne a kan masu farfaɗiya, mutanen da ba kasafai ake jin muryarsu a zauren kasafin kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke fama da wannan ciwo, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. A nan nake so mu tsaya: wanne ne ya dace, kuma ga wa?

Akwai magunguna biyu da suke kamar wa da ƙane. Babban shi ne kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol. A birnin Basel na Suwizalan aka haɗa shi a 1953. Ƙaramin kuwa oskabazefin ne, wato Trileptal, wanda ya fara shiga kasuwa a Denmak a 1990. Aikinsu ɗaya, su kwantar da tartsatsin da ke tashi daga wani sashe na ƙwaƙwalwa. A hanta suka rabu.

Kabamazefin yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da magunguna da sauri, har da shi kansa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu. Yana rage ƙarfin Coartem, wanda kusan kowane gida ke sha idan zazzaɓin cizon sauro ya kama, har kamfanin da ke yin Coartem ya hana a haɗa su. Yana rage ƙarfin dolutegrabir da masu cutar ƙanjamau suka dogara da shi. Matar da aka sa wa ashana a dantse don tazarar haihuwa tana iya wayar gari da ciki, alhali ba ta yi sakaci ba. Oskabazefin bai kai shi takura wa hanta ba, ko da yake shi ma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau. Nasa aibin kuma ya fi yawa wajen zubar da gishirin jini, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Sai ka ga dattijo ya rikice, yana jiri da amai, a ce tsufa ne, alhali gwajin jini kaɗai zai tona asirin.

Ku dubi abin da ke faruwa a kemis. Uba ya zo da kwalin da ya ƙare, mai shago ya juya shi ya ce, "Wannan babu, amma ga ɗan'uwansa, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Miligiram 200 na babban ya yi daidai da kusan 300 na ƙaramin, don haka musanya ƙwaya da ƙwaya na iya dawo da faɗuwa. Waɗanda kabamazefin ya fesa wa ƙuraje kuwa, kusan ɗaya cikin huɗunsu oskabazefin ma zai yi musu haka, kuma akwai ƙurajen da ke kai ga saɓewar fata da rasa rai. Yaron da farfaɗiyarsa ta ɗaukewar hankali ce ta 'yan daƙiƙoƙi, ya ƙura ido ya yi shiru a aji, dukkan biyun suna iya ƙara masa ciwo.

Shawarata ita ce kabamazefin ya ci gaba da zama na farko a asibitocinmu. Ya fi araha, an daɗe da sanin halinsa, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ake buƙata shi ne kada ya yanke, domin dakatar da shi farat ɗaya ya fi komai haɗari. A kula da ajiyarsa ma, tunda danshi na iya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ga kuma yadda ɗakunan ajiyarmu suke da damina.

Oskabazefin kuma a tanade shi a manyan asibitocin jiha inda ake iya gwajin gishirin jini, a sa shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, saboda wanda babban bai karɓe shi ba kada tsada ta kore shi. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa tambayar kowane mai farfaɗiya sauran magungunan da yake sha, mace kuma a tambaye ta batun ciki da tazarar haihuwa. A kuma ja kunnen masu kemis su daina musanya ba da takardar likita ba.

A 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince da shirin shekara goma na kula da masu farfaɗiya, wanda zai ƙare a 2031. Lokaci na tafiya. Ina roƙon ku da ku ware wa waɗannan magunguna kuɗi a kasafin da ke tafe, ku kuma bi sawu har su isa hannun masu buƙata. Allah Ya taimake ku a kan wannan amana.