Zuwa Ga Masu Maganin Gargajiya Da Wanzaman Gusau, Tsafe Da Bungudu

Iyayena, sarakunan magani da sarakunan aska. Allah ya ƙara wa hannu albarka.

Akwai majinyacin da nake roƙon ku gane shi tun daga bakin zaure. Yaro ne da haɓo ya ƙi tsaya masa, ko matar aure da al'ada ta zarce mata kwanaki. In an yi asuwaki dasashi ya yi ta jini, ga ɗige-ɗige ja a ƙwauri kamar an barbaɗa barkono, ko an danna ba sa gushewa. A gida sai a ce maye ne ko shafar iska. Sau da yawa kuwa ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne suka yi ƙaranci. Likitoci na ce musu filatilet, a ɓargo ake yin su, kuma mai lafiya na da 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita ta jini.

A cutar da ake kira ITP, garkuwar jiki ce da kanta ke yi wa ƙwayoyin nan tambari, saifa ta riƙa cinye su. A 1950 Dakta William Harrington na Amurka ya sa aka ɗura masa jinin mai cutar, cikin 'yan sa'o'i nasa ƙwayoyin suka zube, har sai da aka kwantar da shi.

Ga inda maganar ta shafe ku. Sinawa na da tsohon magani mai suna Qing Dai, daga tsirrai masu ba da shuni ake haɗa shi, irin aikin da baba ke yi a marina. A 2015 masu bincike a can suka nuna cewa indirubin, wani sinadarin cikinsa, na ƙara yawan ƙwayoyin da ke ja wa garkuwar jiki linzami, filatilet su farfaɗo. To amma a jikin ɓeraye aka gani, da sinadari tatacce, awo sananne. A 2016 kuma ma'aikatar lafiya ta Japan ta yi gargaɗi kan Qing Dai ɗin nan, bayan an samu masu shan sa da hawan jinin jijiyoyin huhu. Don haka kada wani ya jiƙa baba a jarka ya ce ga maganin Sin.

Wanzamai, ku maganar ta fi hawa kanku. Mai waɗannan alamomi ba a yi masa ƙaho, ba a tsaga shi, ba a cire masa belu, kaciya ma a ɗaga. Asfirin kuwa ƙara ɓarkewar jinin yake yi, kada ya kusanci ƙullin maganinku. Ku tura majinyacin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin Yariman Bakura a ƙirga jinin, don zazzaɓin cizon sauro da sankarar jini su ma suna rage ƙwayoyin, ido kuma ba ya rarrabewa.

Wani abin da ke ruɗin mai magani na gaskiya: yawancin yara masu ITP na warkewa da kansu cikin 'yan watanni. Yaro ya sha jiƙonka ya miƙe, bai zama lallai jiƙon ne ya yi aiki ba. Wanda ya tabbata yana da laƙani, ya kai shi cibiyar NIPRD a Idu, Abuja, a auna. A can ne aka inganta Niprisan na masu sikila, wanda shi ma daga hannun mai maganin gargajiya ya fito.

Naku mai girmama ku.