Kira Ga Malaman Jami'a: A Bar Ɗalibi Ya Yi Magana

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in roƙi malaman jami'a masu koyar da adabin Amurka: don Allah a rage hadda, a bar ɗalibi ya buɗe baki.

Da shirin noma na Funtuwa ya zo a 1975, malaman gona ba surutu kaɗai suka yi wa iyayenmu ba, gonar gwaji suka nuna musu. Gani ya kori ji.

To, haka karatu. A ba yaro Roots na Alex Haley da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, duka labarin bauta ne, ya auna su ya faɗi nasa ra'ayi.

Masara muke sayarwa mu biya kuɗin makaranta. Kada a dawo mana da aku.

Wani manomi,
Bakori, Jihar Katsina.