Kuɗin Motar Majinyaci: Diyyar Da Ke Zubewa A Hanya

A ƙaddara mota ta buge wani manomi ɗan Babban Duhu, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, ƙashin cinyarsa ya karye. Za a ɗora shi a babur zuwa bakin titi, a ɗauki shatar mota zuwa Dutsin-ma, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani lokaci ma har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tafiyar kusan kilomita 170 daga birnin Katsina. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Akwai komawa wankin ciwo da ɗaukar hoto da cire ƙarfe, kowace tafiya da mai jinya a gefensa, kuma mai karaya ba ya zama a kujera ɗaya, sai an biya masa biyu ko uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan zirga-zirga kaɗai tana iya cinye abin da gonarsa ta ba shi a shekara.

A dokar ƙasa wannan kuɗi haƙƙinsa ne. Wanda sakacinsa ya jawo rauni shi ke da alhakin mayar da wanda ya ji ciwo inda yake kafin hatsarin, gwargwadon abin da kuɗi ke iya yi, kuma kuɗin zuwa asibiti na cikin lissafin. Sai dai kotunanmu sun kasa diyya gida biyu. Akwai ta gama-gari, wadda alƙali ke kimantawa saboda raɗaɗi da naƙasa. Akwai kuma ta musamman, wato abin da ya fita daga aljihu, wadda dole a zayyana ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, a kuma tabbatar da ita da ƙwaƙƙwarar hujja. Kuɗin mota a gida na biyu yake.

A nan gizo ke saƙa. Ɗan acaɓa ba ya ba da rasit, haka ma direban da ya yi lodi a tashar Batsari. Ma'aikacin birni da ya je asibiti mai zaman kansa zai fito da takardunsa cikin fayil, ya karɓi kuɗinsa cif. Mutumin karkara, wanda ya fi shi nisa da likita kuma ya fi shi kashewa a hanya, shi ne zai tsaya hannu rabbana. Gaskiya ne kotuna sun sha bayyana cewa hujja ba lallai ta zama rasit ba, kuma shaidar baki da ba a musanta ba tana iya wadatarwa. To amma lauyan kamfanin inshora aikinsa ke nan ya musanta.

Galibi ma maganar ba ta kai wa kotu. Ana kashe ta a zauren mai gari ko a ofishin 'yan sanda: direba ya ɗauki nauyin magani, dangi su ce sun yafe, ƙaddara ce. Ba mu raina yafiya ba, amma kalmar "magani" a irin wannan sulhu tana nufin abin da aka saya a kantin magani kawai, saura kuwa a sayar da akuya ko buhun gero a cike. Alhali fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Jihar Katsina ke bi bai bar wannan ƙofa a rufe ba. Ibn Arafa, malamin Tunis na ƙarni na 14, ya ga dacewar a ɗora wa wanda ya yi rauni ladan likita da kuɗin magani a raunin da shari'a ba ta yanke masa diyya ba. A ganinmu, idan likitan yana Kano, kuɗin isa gare shi ɓangare ne na jinyar.

Tun watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga N5,000 zuwa N15,000, kuma a Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi su nuna takardar. An tsananta wajen karɓa, ya kamata a tsananta wajen biya.

Hujjar da ake nema tana nan, ba a dai saba kallonta a matsayin hujja ba. Katin asibiti yana ɗauke da ranar kowace ziyara, takardar da likita ya tura majinyaci da ita tana nuna dalilin tafiyar, kuma kowace tasha ƙungiyar direbobi ta NURTW ta san farashin kujera da na shata. Muna kira ga Babban Jojin Jihar Katsina da Alƙalin Alƙalai su ba da umarnin aiki da zai sa a haɗa waɗannan uku a karɓe su a matsayin shaidar kuɗin tafiya, na majinyaci da na mai jinya guda. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Katsina kuma ya buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, a ajiye a asibitocin Batsari da Dutsin-ma, inda dangi za su riƙa rubuta rana da wurin da aka je da abin da aka biya, tun daga tafiyar farko.